Inji Lafiya, Jirgi a Ƙasa: Abin da Ke Kayar da Ƙananan Jirage Wajen Sauka

Mutanen Nima da Mamobi, unguwanninmu na Accra a Ghana, ba baƙin ƙarar jirgi ba ne. Filin jirgin saman Accra, wanda aka fi sani da Kotoka, yana nan dab da mu. Amma tun ranar 6 ga Agustan 2025, da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Adansi da mutum 8 a ciki, har da ministoci biyu, Dokta Edward Omane Boamah da Dokta Ibrahim Murtala Muhammed, zancen jirgi ya shiga majalisun ataya sosai. Kuma duk inda aka ji jirgi ya faɗi, babba ko ƙarami, tambayar da ake fara yi ɗaya ce: inji ne ya mutu?

Jirgi mai saukar ungulu sha'aninsa daban ne, ba shi nake nufi ba. Ina magana ne a kan ƙananan jirage masu farfela ɗaya da kujeru biyu zuwa shida, irin waɗanda yaranmu ke koyon tuƙi a ciki, a nan gida ko a Zariya ko a Afirka ta Kudu, da irin waɗanda masu hali ke saya ko su yi haya don zuwa gona ko wurin haƙar ma'adinai. A irin waɗannan jirage, idan masu bincike suka kwance injin bayan haɗari, sau da yawa sukan tarar ba abin da ya same shi kafin ya bugi ƙasa. Jirgin ƙwacewa ya yi, yana da mai, yana da inji, matuƙi na riƙe da sitiyari.

Amurka ta fi kowace ƙasa yawan ƙananan jirage, saboda haka a can aka fi samun lissafi mai tsawo. Ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta AOPA tana fitar da rahoto duk shekara, kuma shekara da shekaru abin da yake nunawa bai sake ba: a wajen sauka aka fi yin haɗari, fiye da kowane mataki na tafiya, sai dai mafi yawan haɗarin sauka ba a rasa rai. Taya ce ke karyewa, farfela ta lanƙwashe, jirgi ya shiga ciyawa, matuƙi ya fito da ƙafarsa yana zufa. Wanda ke kisa shi ne ƙwacewar jirgi tun yana sama, musamman kusa da ƙasa. Har a 2015 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta sa wannan matsala cikin jerin abubuwan da ta fi son a magance. Ke nan haɗari iri biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya: mai yawa wanda ke cin kuɗi, da mai ƙaranci wanda ke cin rai. Ni a ganina tushensu ɗaya, wato matuƙi ya ƙudurta a ransa cewa sai ya sauka a wannan karon, ko abin ya daidaita ko bai daidaita ba.

A ɗauki Cessna 172, jirgin da aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, wanda da wuya a sami makarantar tuƙi da ba ta da shi ko ɗan'uwansa. Idan aka sauke leɓɓan bayan fiffike gaba ɗaya, wato sassan da ake lanƙwasawa ƙasa don jirgi ya iya sauka a hankali, fiffiken yana daina ɗaukar jirgin ne a gudun kusan kilomita 90 a awa. Littafin jirgin ya ce a tunkari titin sauka da gudun kilomita 110 zuwa 130 a awa. Tsakanin nan duk aikin yake. Wanda ya yi ƙasa da haka yana kusantar inda fiffike zai sake shi. Wanda ya yi sama da haka kuwa jirgin ba zai yarda ya zauna ba.

Sabon matuƙi ya fi tsoron na farko, don shi aka fi tsoratar da shi a aji, sai ya riƙa ƙara gudu kaɗan "don tsaro". Abin da bai lissafa ba shi ne ƙarfin da ke cikin jirgi mai tafiya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana jawo ƙarin kusan kashi 20 a tsawon titin da za a ci. Ga kuma wani abu: idan jirgi ya matso ƙasa da tsawon fukafukansa, mita 11 ke nan a wannan jirgin, iskar da ke hana shi gudu takan ragu sosai. Sai ya yi ta shawagi, mita ɗaya ko biyu a kan kwalta, titi na wucewa a ƙarƙashinsa, shi kuwa ya ƙi sauka. Matuƙi na ganin ƙarshen titi na matsowa. Abin da zuciya ke raya masa shi ne ya tura sitiyari gaba ya danna jirgin ƙasa.

Daga nan ake shiga matsala. An ƙera jirgin ne don ya sauka a kan manyan tayoyinsa biyu na tsakiya, hanci a sama, tayar gaba ta biyo baya a hankali. Idan tayar gaba ce ta fara taɓa ƙasa da gudu, sai ta wurgo hancin sama, fiffike ya sake kama iska, jirgin ya tashi. Matuƙi ya firgita ya sake turawa, amma hannunsa ya makara da rabin daƙiƙa, turawar ta zo daidai lokacin da hancin ya riga ya fara dawowa ƙasa da kansa. Tsalle na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu. Yawanci a na uku ko na huɗu ƙafar gaba ke karyewa, farfela ta sari kwalta. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan, a ranar da ba hadari ba hazo. Malaman tuƙi ba su da saɓani a kan maganinsa: tsalle na farko in ƙarami ne ana iya riƙe hanci a ƙara wuta kaɗan a zauna, in ya yi girma ko ya maimaita, a buɗe totur gaba ɗaya a tashi.

Sai iska. Jirgi yana son iska ta fuskance shi wajen sauka, shi ya sa ake shimfiɗa titi daidai da inda iskar gari ta saba fitowa. Titin saukar jirage na Accra, mai lamba 03 a wannan kai da 21 a wancan, ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma mafi yawan shekara iskar teku daga kudu maso yamma take zuwa. To amma kowa a garin nan ya san yadda hadarin Afrilu da Mayu ke yi: ana zaune ƙalau, sai iska mai sanyi ta taso daga gabas ta kwashe shanya da kwanon rufi, tun kafin ɗigon farko. Wannan iskar da ke gaban hadari tana iya juya alƙibla cikin minti ɗaya. Jirgin da ya tunkari titi da iska a gaba sai ya iske ta a gefe ko a baya.

Iskar gefe tana buƙatar hannu da ƙafa su yi aiki biyu masu saɓa wa juna: a karkatar da fiffike ɗaya zuwa inda iskar ke fitowa don kada ta ture jirgin, a taka fedar da ke juya allon wutsiya ta ɗaya ɓangaren don hanci ya miƙe da titi, a sauka a kan taya ɗaya tukuna. Kamfanin Cessna ya gwada wannan jirgi a iskar gefe ta kusan kilomita 28 a awa. Wannan lamba shaida ce ta abin da gwanin matuƙin gwaji ya yi, ba alkawari ba ce ga wanda ya yi wata biyu bai tashi ba. Kuma yawancin masu ficewa daga titi ba a sama iskar ta kayar da su ba. Sun taɓa ƙasa lafiya, suka saki jiki, suka mayar da sitiyari tsakiya kamar an gama, iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ko ta bugi wutsiya ta juya hancin. A jirage masu ƙaramar taya a wutsiya abin ya fi muni, don nauyinsu yana bayan manyan tayoyi ne, da zarar wutsiya ta fara zagayowa sai ta nemi wuce hanci.

Iskar baya kuwa ba a jin ta a jiki, a tsawon titi take fitowa. Littafin Cessna 172 ya ce jirgin na buƙatar kusan mita 400 daga tsallake shinge mai tsayin mita 15 zuwa tsayawa cak, a busasshiyar kwalta ba iska. Kowace iskar baya ta kusan kilomita 4 a awa tana ƙara kashi 10 cikin ɗari. Iskar kilomita 18 a awa, wadda da ƙyar za ta kaɗa mayafi, ta ƙara rabin tsawon ke nan. Busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 45 a kan tafiyar da tayoyi za su yi a ƙasa. A titin Accra mai fiye da kilomita 3 ƙaramin jirgi ba zai ji wannan ba. A ɗan filin jar ƙasa na gona ko na kamfanin ma'adinai, bayan ruwan dare, lissafin ya sha bamban. In ruwa ya kwanta a kwalta ma, tayar ƙaramin jirgi tana iya hawa kan ruwan ta daina taɓa ƙasa a gudun da bai wuce wanda ake sauka da shi ba, birki ya zama ado.

Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba, ko da yake jirgin babba ne. Ranar 2 ga Yunin 2012 da daddare, jirgin kaya samfurin Boeing 727 na kamfanin Allied Air ya taso daga Legas, ya zo sauka a Accra cikin ruwan sama mai ƙarfi. Ya wuce ƙarshen titi, ya fasa katanga, ya afka wa motar haya a hanyar da ke kusa da filin wasa na El-Wak. Aƙalla mutum 10 suka rasu, dukkansu a ƙasa, ma'aikatan jirgin 4 suka fita da rai. Binciken ya ɗora laifin a kan shawarar ci gaba da sauka alhali matuƙin ba ya gani sosai saboda ruwa, ga iska a baya, ga shi ya riga ya ci titi da yawa kafin tayoyi su taɓa. Matuƙa ƙwararru ne, jirgi mai inji uku, amma shawarar da ta kayar da su ita ce dai wadda ke kayar da ɗalibi a Cessna.

Zafi ma yana da nasa kaso, a taƙaice. Filin jirgin Kumasi yana kan tudun kusan mita 290, amma a ranar da zafi ya kai digiri 32, iskar ta yi sirantar da inji da fiffike za su ji kamar suna kusan mita 1,000. Jirgin zai taɓa ƙasa da gudu fiye da yadda agogon gudu ya nuna, injin kuma ya rasa kusan kashi 10 na ƙarfinsa, ƙarfin da za a nema in an fasa sauka.

Yanzu ga wanda ke kisa. Ƙaramin jirgi yakan zagaye fili kafin ya sauka: ya bi gefen titi a tsayin kusan mita 300, ya yi kwana ya gicciye, sannan ya yi kwana ta ƙarshe ya fuskanci titi, a lokacin ya sauko zuwa mita 120 ko 150. A wannan kwana ta ƙarshe gudu ya ragu, ƙasa ta matso, idon matuƙi na waje yana neman layin tsakiya.

Abin da ya kamata a gane shi ne fiffike ba ruwansa da lambar da ke kan agogon gudu. Abin da ya sani shi ne kusurwar da iska ke bugunsa. In kusurwar ta wuce digiri 15 ko 16, iskar da ke bin samansa sai ta tarwatse, ɗaukar ta zube. Gudun kilomita 90 da na ambata na jirgin da ke tafiya a miƙe ne. In ya karkata yana kwana kuma matuƙi na jan sitiyari don kada ya sauko, fiffike na ɗaukar fiye da nauyin jirgin. A karkatar digiri 30, gudun da zai sake shi ya hau da kashi 7 kawai. A digiri 45 ya hau da kashi 19. A digiri 60 nauyin ya ninka biyu, gudun sakin ya hau da kashi 41, wato kusan kilomita 127 a awa. Mutum na kallon agogo yana ganin 120, yana cewa lafiya lau, alhali ya riga ya faɗa ciki.

An koya wa kowane ɗalibi wannan, shi ya sa yake tsoron karkata sosai kusa da ƙasa. Abin takaicin shi ne wannan tsoron ne ke kai shi ga kuskure mafi muni. A ce iska na tura shi ta baya a lokacin da ya gicciye. Kafin ya ankara ya wuce layin titi. Kamar direban da ya wuce kwanarsa a babban titin Kanda ne: mai hankali yakan ci gaba zuwa inda ake juyawa ya dawo, mai gaggawa kuwa yakan taka birki ya fizge sitiyari a tsakiyar titi. Matuƙin da ya wuce layi yana son ya fizgo hancin ya dawo, amma yana tsoron ƙara karkata. Sai ya taka allon wutsiya na cikin kwana don hancin ya zagayo da sauri. Da ya yi haka, fiffiken waje ya ƙara gudu ya ƙara ɗauka, na ciki ya rage, jirgin ya ƙara karkata da kansa. Sai ya murɗa sitiyari ɗaya ɓangaren don ya hana. Hanci ya sunkuya, ya ja baya don ya ɗaga shi. Yanzu ƙafa na cewa hagu, hannu na cewa dama, ana ja, gudu na zubewa. Fiffiken ciki, wanda ke ƙasa, shi zai fara saki. Jirgin ya kife ta wannan gefen, hanci ya kalli ƙasa, ya fara juyi.

Daga irin wannan juyi ana fita, matuƙan wasan sama suna shiga su fita don nishaɗi. Amma fitar tana cin tsayin mita 300 ko fiye, a hannun wanda ya shirya mata. Wanda ya shiga a mita 120 ba shi da wurin. Akwai ƙarar gargaɗi da ke tashi kafin fiffike ya saki, akwai ɗan ƙwallo a cikin gilashi a gaban matuƙi da ke nuna ko ƙafa da hannu sun daidaita, amma wanda idonsa ke kan titi kuma ransa ke kan "kada in wuce" ba ya jin ƙara, ba ya ganin ƙwallo. Kuma abin da zai cece shi, wato tura hanci ƙasa alhali ƙasar ce ke taso masa, shi ne abin da jiki ya fi ƙi.

Duk waɗannan, shawagi da tsalle da iskar baya da wuce layi, ƙofar fitarsu ɗaya ce, kuma a buɗe take: a fasa, a ba da wuta, a hau, a sake zagayowa. Zagaye ɗaya a Cessna minti 5 ne ko 6, man da zai sha bai kai lita 5 ba. Hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka ba ta tuhumar kowa a kai, doka ba ta hana ba. Littafin koyarwa na hukumar jiragen saman Amurka ya ce in ƙaramin jirgi ya sauko ƙafa 300, kusan mita 90, bai daidaita a gudu da layi da gangara ba, a fasa. Amma ba a fasawa. Gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar da bincike a 2017 a kan manyan jiragen fasinja, inda matuƙa biyu ne, ga dokar kamfani a rubuce, ga na'ura na naɗar komai: a cikin saukar da ba ta daidaita ba, kusan kashi 3 cikin ɗari kawai ake fasawa. To ina ga mutum ɗaya a jirginsa, ba mai duba shi?

Dalili na farko shi ne abin yakan wuce lafiya. Ka zo da gudu, ka yi shawagi, ka tsaya kafin ƙarshe. Ka sake, ka tsira. Kowace tsira na koya maka cewa dokar ta matsorata ce. Dalili na biyu, wanda nake ganin ya fi ƙarfi a wurinmu, kunya ce. A ce saurayi ya dawo da lasisi bayan dangi sun haɗa kuɗi sun tura shi, yau ya ɗauko kawunsa da wani Alhaji da ya taimaka da kuɗin makaranta, 'yan'uwa na bakin shinge da wayoyi a sama. Ya zo ya ga ya yi sama da yawa. Abin da ya kamata ya fito daga bakinsa shi ne, "Alhaji, a yi haƙuri, za mu ƙara zagaye ɗaya." Amma ya san abin da zai biyo baya a mota: "Ɗana, lafiya dai? Na ga kamar ka kasa." Mu da muka taso a gidajen da yaro ba ya ce wa babba a'a, wannan nauyi ne na gaske, kuma ba ya cikin littafin kowane jirgi. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma a aikace wanda ya ja da baya a gaban jama'a shi ake yi wa dariya. Gyaran wannan rabi yana hannun fasinja. Babban da ya ce tun kafin a tashi, "Kai ne direba, in ka ga ba daidai ba ka koma, ba inda muke sauri," ya sauke wa yaron kaya mai yawa.

Sai dai kada a ɗauka fasawar ba ta da haƙora. Wanda ya makara, ya bari sai da jirgi ya yi tsalle biyu gudu ya zube sannan ya buɗe totur, ya shiga wani haɗarin. An saita jirgin don sauka, leɓɓan fiffike a ƙasa, saboda haka da wuta ta zo hancin zai nemi tashi sama da ƙarfi, sai an danne shi. Farfela kuma, saboda yadda take juyawa, tana jan hanci hagu, sai an taka ƙafar dama sosai. In aka janye leɓɓan gaba ɗaya a tashi ɗaya, jirgin ya nutse. Hanci a sama, gudu kaɗan, ƙafa ba ta taka ba: an koma ga juyin nan, wannan karon a mita 20. Shi ya sa fasawa abar yi ce da wuri, kuma abar maimaitawa ce har hannu ya haddace. Makarantar da ɗalibinta ke ganin fasa sauka a matsayin faɗuwa jarrabawa tana yi masa illa.

Wani abin sha'awa a tarihinmu: a 1962 Kwame Nkrumah ya gayyato matuƙiyar Jamus Hanna Reitsch, wadda ta yi wa gwamnatin Hitila gwajin jirage, ta kafa makarantar jirage marasa inji a Afienya, bayan Tema. Makarantar ba ta daɗe ba bayan juyin mulkin 1966. A jirgi marar inji babu fasawa, sauka ɗaya ce tal, saboda haka ɗalibi yana koyon auna tsayi da gudu tun daga nesa, yana kuma koyon aiki da ƙafa, don dogayen fukafukan ba sa yafe wa malalacin ƙafa. Har yau malamai da yawa na cewa wanda ya fara da irin wannan jirgi ya fi iya sauka.

Sauran maganar ta mutumin da ke kan kujera ce. Ƙa'idar duniya ta yarda a ba da lasisin tuƙin jirgi na kai bayan awa 40 a sama. Kyaftin ɗin jirgin fasinja sai ya tara 1,500. Bayan lasisi, abin da dokoki da yawa ke nema kafin ka ɗauki fasinja shi ne tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Wannan ƙasan ma'auni ne. Awa ɗaya a sama kuɗi ce mai yawa, ana lissafa ta da dala alhali samu da sidi ne, saboda haka mai lasisin kai a nan yakan yi makonni bai taɓa jirgi ba, kuma gwanintar sauka a iskar gefe tana dushewa da wuri fiye da yadda mai ita ke zato.

Mai kuɗi da mulki kuwa matsalarsa ta fi haka, don ba mai iya hana shi. Ranar 25 ga Oktoban 2012, gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya tuƙo jirgi samfurin Cessna 208 da kansa daga Jalingo, ya faɗi kusa da Yola yana shirin sauka. Ya sami mummunan rauni a ka, bai koma daidai ba har rasuwarsa a 2017. Rahoton masu binciken Najeriya ya nuna ba shi da shaidar tuƙi da na'ura kaɗai ba tare da ganin waje ba, kuma tafiyar ta kai shi bayan faɗuwar rana. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Accra rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma daga kiran magariba zuwa duhu ba a cika rabin awa ba. Wanda taro ya riƙe shi minti 40 ya tashi da rana ya iso da dare. A lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke sa a soke jiragen Kumasi da Tamale tana shafe layin da ke raba sama da ƙasa, kuma da wannan layin ne matuƙin da ba ya aiki da na'ura ke sanin ko ya karkata.

Na'urori sun taimaka, ban musa ba. Tun 2014 hukumar jiragen saman Amurka ta sauƙaƙa sanya agogon da ke nuna kusurwar iska a kan fiffike kai tsaye, wanda shi ne ainihin abin da ake son sani. Jiragen Cirrus suna da laimar da ke sauko da jirgin gaba ɗaya, ta kuma ceci mutane da dama, amma tana buƙatar tsayi kafin ta buɗe, a kwanar ƙarshe da wuya ta samu. Agogo kuwa sai an kalle shi.

A 2020 majalisar dokokin Ghana ta kafa hukumar binciken haɗurran jiragen sama mai zaman kanta, dabam da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, GCAA, mai ba da lasisi, bisa ƙa'idar duniya da ta ce manufar bincike hana maimaituwa ce, ba neman wanda za a hukunta ba. Amma hukuma tana ganin abin da aka kai mata ne. Saukar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba kowa ya gani ba: an buga tayar gaba da ƙarfi, ko bakin farfela ya ɗan shafi ƙasa, matuƙi ya duba ya ga ba abin da ya karye, ya mayar da jirgi rumfa ya yi shiru don kada a ce ya biya. A Cessna 172 ƙafar gaba tana jingine ne da bangon ƙarfen da ke raba inji da mutane, kuma bugu mai ƙarfi yana lanƙwasa bangon a inda ido ba ya kaiwa sai an buɗe murfin inji. Farfelar da ta sari ƙasa kuwa, masu ƙera injin sun ce a buɗe shi a duba ciki ko da yana tashi lafiya, don tsagewar da ke cikin ƙarfe ba ta nuna kanta sai bayan awoyi, a hannun wanda ya yi hayar jirgin bayanka.